Ku daina zagin yaran nan, lissafi suka yi

Haba jama'a! Kullum sai a hau rediyo ana cewa yaran yanzu ba sa son karatu, idonsu ya buɗe da kuɗi. Wallahi na gaji da wannan zance. Ni malamin sakandare ne a Kano, bayan kowace sallah sai na tarar benci ya yi sarari. Ina wane? Yana Kantin Kwari, ya zama yaron shago. Wancan fa? Yana koyon gyaran waya a Farm Centre. Ɗayan kuma an ba shi Adaidaita Sahu yana kai balas.

To me kuke so su yi? Yaro yana da ido. Yayansa ya sha yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'a, na wata 8 a 2022, ya lallaɓa ya gama digiri, ya yi bautar ƙasa, yau ga shi a majalisar ƙofar gida, ko kati sai ya roƙa. Sa'ansa da ya tsaya a aji uku ya bi ubangida kasuwa, an sallame shi da jari, har ya yi aure. Wa za a kwaikwaya?

Da can takarda tana da inda take kai mutum. Masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai suna ɗaukar ma'aikata, ga masaƙun Kaduna. Rashin wuta da kwararowar kayan waje suka durƙusar da da yawansu. Atamfar da yaran nan ke ɗauka a ka a Kwari ma, yawancinta daga China take zuwa. Aikin gwamnati kuwa, in ba ka da uwa a gindin murhu sai dai ka ji labari. In ma ka samu, mafi ƙarancin albashin da aka sa a 2024 naira dubu 70 ne, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota da cefane ke lashe shi kafin tsakiyar wata.

Abin da ke ƙona mini rai, kasuwar ma ba kowa take riƙewa ba. Ubangida kan kori yaro bayan shekaru ba ko sisi, ya dawo ba jari, ba takarda, ko rasit bai iya rubutawa da kyau ba.

Dokar ilimi ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole. Dole a kan wa, gida ba hatsi? Na bi wani uba har gida ina roƙon ya dawo da ɗansa aji. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Malam, kai da ka yi karatun, nawa ake biyanka?"