Tafasa man suya kaɗai ba ya mayar da shi dizal

Jiya a Mile 12 naji wani yana cewa wai in ka tafasa man suyar ƙosai sosai ka tace shikenan ya zama dizal, zuba a janareta kawai. Ɗan'uwa wallahi injinka zaka kashe. Sai an haɗa man da metanol (wani sinadari ne dangin sifirit) da soda irin ta sabulu ana juyawa, zafin kuma wajen digiri 60 ne, don metanol yana tafasa a digiri 65, ka ƙara wuta ya bi iska, gashi guba ne kuma yana kamawa da wuta, shiyasa hitar lantarki tafi risho aminci. Makirowef yafi sauri amma haɗin ɗaya ne. Bayan an gama juya haɗin sai gilisarin, wato wani ruwa mai kauri da haɗin ke fitarwa, ya kwanta ƙasa a cire, sannan a wanke man.