Wanda dala ta ɗaga ba gwani bane, wanda ta kayar ma ba wawa bane

Tunda aka saki naira kasuwa ta yanka mata farashi a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati har ta haura 1,500 a farkon 2024, sai gashi a Kantin Kwari an samu sabbin alhazai ba tare da sun ƙara ko minti ɗaya a lokacin fitowa kasuwa ba. Mutum yana da dilolin shadda da atamfa jibge a sito, wasu ma kasa sayar dasu yayi, yana ta ƙorafin babu ciniki, kawai ya wayi gari kayan sun ninka kuɗi. Maƙocinsa kuwa da ya karɓo kaya bashi daga Chana, ya sayar da naira, ranar biya kuma dala ake nema, wallahi wasu har gida suka sayar. Su biyun nan tare suke buɗe shago tare suke rufewa. To a gaya min ina dabara anan?

Abinda ke bani haushi shine na farkon yanzu shi ke zama yana yiwa yara lacca akan hangen nesa, na biyun kuma ana ta gulmarsa wai bai iya kasuwa ba. Mu dai haka muke, in ta yi kyau muce ƙwaƙwalwa ce, in ta ɓaci a hannunmu muce ƙaddara, in a hannun wani ta ɓaci muce sakaci.

Amma fa kar masu cewa rabon kwaɗo baya hawa sama su ɗauka na koma layinsu. Alhassan Dantata ba shi ya kawo layin dogo Kano a 1911 ba, ba shi yasa Turawa neman gyaɗa ba, wannan sa'a ce tsantsa. Sai dai jirgin ya samu fatake da yawa a garin, me yasa shi? Ya riga ya sha wahalar fataucin goro ta hanyar Gwanja, yana da jari a ɗaure, yana da yaran da zai tura ƙauye su sayo masa, kuma an sanshi baya taɓa uwar kuɗi don yin fafa. Da ranar tazo akwai abinda zai tareta dashi.

Wannan ɓangaren ne matasanmu basa so. Notcoin, wasan danne-danne a waya da ake tara kuɗin intanet (koyin) dashi, ya fashe a 2024 wasu sun samu, shikenan kowa ya koma dannan waya, ɗan acaɓa yana danna wani irinsa mai suna Hamster a bakin titi, tela ya ajiye ɗinkin mutane yana tara koyin, wata da watanni ana ƙona data da kuɗin caji. Da aka zo rabon Hamster a watan Satumba da yawa abinda suka samu ko datar bai mayar ba, kuma har yau in ka tambayesu sai suce ba rabo. Waɗanda suka ci Notcoin ɗin ma, nawa ne a cikinsu suka sayi ko keken ɗinki? Yawanci waya aka canza.