Durƙuson da ya ceci idon Dubois

A watan Nuwamban 2020, a birnin Landan, Daniel Dubois ya durƙusa da gwiwa ɗaya a turmi na goma na dambensa da Joe Joyce, yana ji alƙalin wasa ya ƙirga har goma bai miƙe ba. Idonsa na hagu ya kumbura ya rufe ruf, Joyce kuma tun turmin farko nan yake ta auna masa ɗan naushin hagu. Shekarunsa 23 a lokacin, kuma ba a taɓa doke shi ba. Kafin gari ya waye an gama yanke masa hukunci, har da wasu tsofaffin 'yan dambe: rago ne, ba shi da zuciya. Da aka je asibiti sai aka tarar ƙashin da ke kewaye da idon ya karye.

Ni a ganina durƙuson nan shi ne matakin farko na farfaɗowarsa. Da ya biye wa masu ihu ya ƙara turmi biyu, wataƙila da idon ya tafi, sana'ar ta bi shi. Ya yi jinya, ya sauya mai horarwa, ya dawo a tsakiyar 2021 da abokin karawar da bai fi ƙarfinsa ba. A Satumban 2024 shi ne ya sumar da Anthony Joshua a turmi na biyar a filin Wembley.

Idan ɗan dambe ya sha kaye, jiki ake fara dubawa, musamman ƙwaƙwalwa. Wanda aka sumar, ƙwaƙwalwarsa ce ta girgiza a cikin ƙoƙon kai, kuma wani bugun kafin ta warke yana iya nakasa shi ko ya kashe shi. Shi ya sa hukumomin dambe ke dakatar da shi na makonni. Sai dai matsalar ta fi yawa a ɗakin atisaye, inda babu likita babu hukuma. Yaro ya ji kunya, yana so ya nuna wa abokai cewa da sauransa, sai ya sa safar hannu ya koma musayar naushi kansa na sara masa. Mai horarwar da ya zuba ido ya bar hakan ta faru ya ci amanar yaron, komai sunansa.

Bayan jinya sai abu mafi ɗaci, wato zama a kalli bidiyon wasan ba tare da neman uzuri ba. Nan ne da yawa suke faɗuwa karo na biyu, domin kewaye suke da 'yan amshin shata masu cewa sa'a ce kawai abokin karawa ya taka, ko alƙali ne ya yi son kai. Kaye yana da dalili, kuma sau da yawa dalilin ƙarami ne. Joe Louis yana ɗan shekara 22 a 1936 lokacin da Max Schmeling na Jamus ya lura cewa duk sa'ad da Louis ya kai naushin hagu, hannun yakan ɗan sauka kafin ya koma tsaron fuska. Ta wannan 'yar kafar ya yi ta zura masa hannun dama har ya kwantar da shi a turmi na 12. Louis da kocinsa Jack Blackburn suka toshe kafar. Da suka sake haɗuwa a 1938, Schmeling bai ga ƙarshen turmin farko ba.

A lura, shekara biyu ce tsakanin karawar biyu, kuma Louis ya yi wasanni da dama a tsakani. Gaggawar ramuwa ita ce tarkon da na fi tsoro wa matashi, don masu shirya wasa sun san ramuwa tana sayar da tikiti. David Price ya sha kaye a hannun Tony Thompson a Fabrairun 2013, ya sake tunkararsa a watan Yuli, aka sake doke shi, kuma bai ƙara komawa matsayin da ake hasashen zai kai ba. Za a ce ai Joshua ya rama wa Andy Ruiz cikin wata shida a 2019. Haka ne, amma Joshua zakaran duniya ne da ya goge, kuma sai da ya rage nauyi ya sauya salo gaba ɗaya, ya riƙa bugu yana ja da baya.

Wani lokaci gyaran yana buƙatar barin gida. Amir Khan na da shekara 21 lokacin da Breidis Prescott ya gama da shi cikin daƙiƙa 54 a 2008. Ya tattara ya koma wajen mai horarwa Freddie Roach a Amurka, ya haura ajin nauyi na gaba, cikin ƙasa da shekara ɗaya ya ɗauki kambun duniya na hukumar dambe ta WBA.

Mu 'yan kallo ma da namu laifin. Tun da Floyd Mayweather ya yi ritaya da wasa 50 ba kaye, muka ɗauki tarihin da babu faɗuwa a matsayin ma'aunin gwani, har manajoji suna ɓoye yaransu daga duk wanda zai gwada su. Alhali Manny Pacquiao yana ɗan shekara 17 aka sumar da shi a 1996, Bernard Hopkins kuwa wasansa na farko ma faɗuwa ya yi. Da ana yanke hukunci da dare ɗaya yadda aka yi wa Dubois, da ba mu san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.