Mother India ya cancanci sunansa, amma ba saboda harbin Birju ba

Tun da karatu ya kawo ni Delhi na lura cewa Mother India da muka sani a Sakkwato daban yake da wanda Indiyawa suka sani. A nan in ka ambace shi gaban ɗalibai, kowa zai gyaɗa kai ya ce babban fim ne. In ka matsa da tambaya sai ka tarar da yawansu ba su taɓa zama sun kalle shi har ƙarshe ba, waƙoƙin kawai suka sani, sai hoton Nargis, jarumar fim ɗin, da garma a kafaɗa. A gida kuwa akwai dattawan da ba su jin kalma ɗaya ta Hindi, amma za su zayyano maka labarin tiryan-tiryan, suna tsine wa Sukhilala, mai ba da bashi a fim ɗin, kamar gonar ubansu ya cinye.

Ta fuskar lambobin yabo babu gardama. Mehboob Khan ya fitar da shi a 1957, shekara 10 bayan Indiya ta samu 'yanci, kuma sake gina wani fim nasa na 1940 ya yi. Shi ne fim ɗin Indiya na farko da ya shiga jerin ƙarshe na kyautar Oska ta finafinan harsunan waje, a 1958, sai wani fim na Italiya ya kayar da shi. A shekarar ce kuma Nargis ta ci kyautar gwanar 'yar wasa a bikin finafinai na Karlovy Vary. Ni dai ba da wannan nake auna shi ba.

Abin da ya riƙe fim ɗin shi ne bashi. Nargis ce ta fito a Radha, matar Shamu. Surukar Radha ta karɓi rufi 500 daga hannun Sukhilala don hidimar auren ɗanta Shamu. Ita a saninta kashi ɗaya cikin huɗu na amfanin gona za a riƙa ba shi. Shi kuma ya fito da takarda ya ce kashi uku ne. Ba ta iya karatu ba, dattawan gari suka zauna suka ba mai takarda gaskiya. Daga wannan hukunci duk sauran masifun suka biyo: neman faɗaɗa gona a cikin duwatsu, dutsen da ya murƙushe hannayen Shamu, ficewarsa da dare saboda kunyar zama nauyi ga matarsa, ambaliyar da ta share garin, har ranar da Sukhilala ya miƙa wa Radha abinci a kan ta ba shi kanta. Mehboob bai yi gaggawa a nan ba. Ya bar mu muna kallon yadda ake auna hatsi a masussuka shekara bayan shekara, tsibi uku na tafiya gidan mai bashi, uwar kuɗin kuwa tana nan ko kwabo bai ragu ba.

Wannan ne mutanenmu suka gane ba tare da tafinta ba. Manomin albasa ko shinkafa a fadamar Rima, daga Wurno zuwa Goronyo, ya san abin da ake nufi da cin buhu da damina a biya biyu da kaka. Ya san jinginar gona da ba ta dawowa. Kuma ya taso yana jin malamai na karanta haramcin riba, don haka tun fitowar Sukhilala ta farko ya san inda zai ajiye shi. Wani kawuna kan ce duk garin da ka je akwai Sukhilalansa, sai dai wani ya fi wani iya sallama. Abokaina na nan, yawancinsu 'ya'yan birni, suna karanta Radha a matsayin Indiya kanta, uwa mai haƙuri da ta ɗauki ƙasa a kafaɗa a zamanin Nehru, firaministan Indiya na farko. Karatun nasu ba ƙarya ba ne, sunan fim ɗin ma abin da yake nufi ke nan. Amma na fi yarda da na mutanen fadama, don su matar suke kallo, da yunwarta da awarwaronta da ke jingine.

Aibu kam akwai. Fim ne na kusan awa 3, kuma bayan yara sun girma labarin ya yi sanyi, an ɓata lokaci mai yawa kan tsokanar da Birju, ɗan Radha, ke yi wa 'yan matan gari yana fasa musu tulu. Nargis da Sunil Dutt, wanda ya fito a ɗanta Birju, duk 1929 aka haife su, kuma furfurar da aka shafa mata ba ko'ina take ɓoye hakan ba. Bayan fitar fim ɗin ma aure suka yi, a 1958.

Inda na rabu da masu yabonsa shi ne ƙarshe. Birju ya zama ɗan fashi, ya dawo ya kashe Sukhilala, ya ɗauke 'yarsa Rupa ranar aurenta, Radha ta ɗaga bindiga ta harbe ɗanta. A nan Indiya wannan harbi shi ne ƙololuwar fim ɗin, uwa ta fifita mutuncin 'yar mutane a kan ɗan cikinta. Ba zan kare Birju ba. Duk wanda ke da dangi a Isa ko Sabon Birni ya san me ake nufi da 'yan bindiga su ɗauke mace, babu zaluncin baya da ke wanke wannan. Ƙorafina a kan garin ne. Mutanen da Radha ta kashe ɗanta don mutuncinsu, dattawansu ne suka ba Sukhilala gaskiya tun farko, suka yi shekaru suna kallo ana kwashe mata hatsi. Fim ɗin bai tuhume su da komai ba. Ya ɗora kuɗin gyaran duka a kan mace ɗaya, sannan ya kira ta uwar gari.

Sai kuma hanyar ruwan da gwamnati ta haƙa, wadda aka roƙi Radha ta buɗe, alamar wahala ta ƙare. Basakkwace ba zai haɗiye wannan da sauƙi ba. An gama madatsar Bakolori a kan kogin Sakkwato a 1978, lokacin Talata Mafara na cikin tsohuwar jihar Sakkwato. Ruwa ya ci gonaki da garuruwa, manoma suka tashi neman diyya, a watan Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, har yau ana gardama kan yawan waɗanda suka mutu. Mehboob ya sa ruwan nasa ya kwarara ja, wataƙila ya hango wani abu. Amma bai gaya mana hannun wa gonakin da Sukhilala ya cinye suka koma ba, alhali a kansu aka yi awa biyu ana kuka.