Kafin ka sayi dogon lens na hannu, daina kallon lambar 300

Salamu alaikum 'yan'uwa masu ɗaukar hoto. Duk sanda sallah ta gabato sai tambayar nan ta dawo: wane dogon lens na hannu zan saya da ɗan abin da nake da shi, wanda zai jawo mini mahaya daga nesa? Kuma kusan kowa idonsa na kan lambar da ta fi girma a jikin lens ɗin. Da an ga 300mm sai zuciya ta kwanta. A ganina nan ne mafi yawan kuɗi ke salwanta, domin tsawo shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a duba. Dacewa da kyamararka, yawan hasken da yake shigarwa, da lafiyar wannan takamaiman da aka miƙo maka, su ne gaba.

Mu ɗauki Canon tukuna, tun da ita ta fi yawa a hannun masu farawa. Akwai EF 75-300mm f/4-5.6 III, wanda ya cika shaguna saboda a da ana haɗa shi da kyamara a kwali ɗaya. Shi ya fi arha, kuma da dalilinsa. Ba shi da IS, wato na'urar da ke rage rawar hannu. Idan ka kai shi 300mm hoton yana yin laushi, kuma duk inda farin rawani ya haɗu da sararin sama sai ka ga wani shuɗi-shuɗi ko ruwan hoda ya bi gefensa. A gefe guda akwai EF-S 55-250mm IS STM na 2013, nauyinsa gram 375 kacal, yana da IS, fokos ɗinsa ba ƙara, kuma a 250mm ya fi wancan kaifi ƙwarai. Ka yanke hoton 250 ɗin a kwamfuta ya kai girman na 300, har yanzu shi zai fi fita. Bambancin tsawon nasu kashi 20 cikin ɗari ne kawai. Sai dai ka karanta jikinsa da kyau, don iri uku ne: na 2007, da mai II na 2011, da mai STM. Na ƙarshen nake nufi.

Don ka san abin da 250mm ke yi a fili: kyamarori irin su 600D, 700D da 80D ƙaramar sensa gare su, wato farantin da ke kama hoto a cikin kyamara, ana ninka tsawon da 1.6, ya zama kamar 400mm. Daga nisan mita 40 za ka kama wajen mita 3.5 a faɗi da 2.4 a tsaye. Doki da mahayinsa ke nan sun cika hoton. A Hawan Daushe ko Hawan Nasarawa, inda mutum ke samun wuri a bakin hanya, sau da yawa ma ja da baya za ka riƙa yi da zum ɗin.

Amma fa EF-S ba ya hawa 5D ko 6D. Idan babbar sensa gare ka, ko kana da niyyar komawa can, nemi EF 70-200mm f/4L USM, farin nan da ya fito a 1999. Gram 705 ne, ƙofar haskensa tana nan a f/4 daga farko har ƙarshe (ƙaramar lambar f ita ta fi shigar da haske), kuma ba ya miƙewa idan ana zum, don haka ba ya zuƙar ƙurar hunturu kamar masu fita da shiga. Ba shi da IS, mai IS ɗin ya zo a 2006 kuma kuɗinsa ya ɗara sosai. Ga mai aikin rana, rashin IS ɗin ba wata babbar asara ba ce, zan zo kan dalili.

Masu Nikon su ne suka fi faɗawa tarko, kuma tarkon a haruffa biyu yake. Lens da aka rubuta AF kawai, kamar AF 70-300mm f/4-5.6G ko 80-200mm f/2.8D, ba shi da mota a cikinsa, kyamara ce ke juya shi da wani ɗan ƙarfe a bakinta. D90, D7000, D7200, D610 da D750 suna da wannan motar. D3100, D3200, D5100, D5300 da 'yan'uwansu ba su da ita, to a kansu da hannu za ka riƙa fokos, doki kuwa ba zai jira ka ba. Ko da adaftar FTZ, wadda ake haɗa irin waɗannan lens da kyamarorin Nikon Z da ita, haka abin yake. Sai kuma AF-P DX 70-300mm na 2016, mai sauri da kaifi, amma shi kuma ba ya aiki da D3200, D5100, D7000 da D90, har fokos da hannu ba zai yi ba. D3300 da D5300 sai an sabunta manhajar cikinsu. Sannan iri biyu ne masu kama da juna kamar tagwaye, ɗaya da VR, wato IS ɗin Nikon, ɗaya babu. Idan ba ka ga VR a rubuce ba, ajiye shi. Wanda ke son ya huta da wannan lissafin ya nemi AF-S 70-300mm VR na 2006, ko Tamron SP 70-300mm VC USD na 2010, wanda ake samu na Canon da na Nikon, domin dukansu da motarsu a ciki.

Yanzu batun IS da VR. Suna gyara rawar hannunka, ba sa tsayar da abin da ke motsi. Doki a sukuwa ko ɗan dambe yana kai naushi sai saurin shota 1/1000, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, ko fiye, kuma a wannan saurin rawar hannu ta riga ta ɓace. Inda IS ke amfani shi ne mutum a zaune a taro, ko bayan la'asar sakaliya. Ba tare da shi ba, a 300mm kan ƙaramar sensa kada ka sauka ƙasa da 1/500. Masu aikin biki a zauren taro kuma su ji wannan da kyau: f/5.6 rubu'in hasken f/2.8 yake shigarwa. Inda mai 2.8 ke ISO 1600, wato ma'aunin ƙarfin jin hasken sensa, kai kana 6400, fuskar amarya duk tsaki-tsaki. In daren biki ne sana'arka kuma kuɗin 70-200 f/2.8 bai samu ba, 85mm f/1.8 na hannu ya fi maka duk waɗannan zum ɗin.

To an zaɓi iri, saura dubawa, kuma a nan ya kamata ka ɓata lokaci. Kada ka je ba kyamararka, da batiri cike, da kati. Cire murafu biyun, ka haska tocilar wayarka ta baya a karkace, kana kallo ta gaba, sannan ka juya. Ƙura 'yan ɗige-ɗige ba komai ba ce, babu zum na hannu da ba shi da ita, kuma ba ta fitowa a hoto. Abin gudu shi ne fumfuna, wadda ke kama da saƙar gizo ko ƙananan jijiyoyi masu rassa, yawanci daga gefen gilashi take farawa. Idan ta daɗe tana cinye rufin gilashin, ko an goge tabon na nan. Kayan da suka yi zama a Legas ko Fatakwal sun fi kamuwa saboda laima, don haka kalmar tokumbo ba shaidar lafiya ba ce. Haka hazo, wani fari-fari kamar tururi a cikin gilashi, shi ma yana kashe kaifin launi. Ƙarzuwa a gilashin gaba da sauƙi, ta gilashin baya ita ce mai illa.

Duba bakin da ake ɗaura filta. In ya lotsa, lens ɗin ya taɓa faɗuwa. Duba kawunan sukurorin gindi, in sun cinye an taɓa buɗe shi. Ganyayyakin ƙofar haske su kasance a bushe, babu ƙyallin mai. A Nikon akwai ɗan maɓalli a gindi, ja shi da yatsa ka saki, ya koma nan take. A Canon sa f/16 ka ɗauki hoto biyar a jere, haskensu ya zo ɗaya. Idan saƙon matsala na Err 01 ya fito a kyamara, goge ƙarafan zinaren gindin da busasshen ƙyalle. In ya sake fitowa, mai yiwuwa wayar cikin ce ta fara tsinkewa, mayar masa da kayansa. Tsofaffin Sigma na zamanin fim ma suna yin haka a kan Canon da zarar an tsuke ƙofar.

Gwada fokos daga kusa zuwa nesa sau goma, a gajeren zum da dogo. Ƙarar ƙiiii a motar AF-S alama ce ta gajiya. Amma idan zoben fokos na STM ko AF-P bai yi komai ba alhali kyamara na kashe, ba lalacewa ba ce, da wuta yake aiki. Sannan gwajin da mutane ke tsallakewa: tsaya daidai gaban bango mai bulo ko allon shago, mita 10 zuwa 15, buɗe ƙofar gaba ɗaya, ka ɗauka a mafi tsawo, ka faɗaɗa kusurwoyi huɗun. Dukkansu za su ɗan yi laushi, wannan daidai ne. Idan ɗaya ta fi sauran dushewa, gilashi ya goce a ciki, kuma gyaransa kan ci kusan kuɗin lens ɗin. Kada ka gwada da abu mai nisan rabin kilomita da tsakar rana, kawalwainiya da hazon hunturu za su sa lafiyayyen lens ya zama kamar mara lafiya.

Wajen ciniki, rashin murfi ko hular kare rana, da roba da ta saki, da zum mai zamewa in an kifa shi, duk dalilan neman ragi ne. Nemi a rubuta lambar jikinsa a rasit, da yarjejeniyar kwana biyu ko uku na mayarwa. In ka kai gida, da damina kada ya kwana a jakar fata ko cikin durowar kaya. Sa shi a robar abinci mai murfi da ke rufuwa gam, da ƙunshin silika mai tsotse laima, ka riƙa busar da silikar duk bayan 'yan makonni. Da hunturu kuma a fara hure ƙura da famfon roba kafin ƙyalle ya taɓa gilashin.