Faifan Mayhem da alƙawarin da aka saɓa wa iyayen mamaci

A watan Mayun 1994 abubuwa biyu suka faru a ƙasar Norway, kwanaki kaɗan a tsakaninsu. Kotu a Oslo ta yanke wa wani matashi, Varg Vikernes, ɗaurin shekara 21, hukunci mafi tsanani a dokar ƙasar a lokacin, saboda kisan kai da ƙona coci-coci. Sannan ƙungiyar mawaƙa ta Mayhem ta fitar da faifanta mai waƙoƙi takwas, De Mysteriis Dom Sathanas. Duk wanda ya kunna faifan nan yana jin hannun mutum biyu: Øystein Aarseth, wanda aka fi sani da Euronymous, yana kaɗa jita, Vikernes kuma yana kaɗa jitar nan mai kaurin amo da ke riƙe gindin kiɗa. Na biyun shi ya kashe na farkon.

Ga wanda bai taɓa jin irin kiɗan da ake kira black metal ba, ya ƙaddara ruwan ƙanƙara yana dukan rufin kwano ba ƙaƙƙautawa, haka gangunan suke. Jita tana ruri kamar hunturu ta kafar taga, mawaƙin kuma yana kururuwa da gurnani kan mutuwa, duhu, sanyi da Shaiɗan. Ban yarda da ko kalma ɗaya ta saƙon ba. Amma gaskiya ɗaya ce, akwai gwaninta a faifan. A zauren Grieghallen na birnin Bergen aka naɗe shi, kuma faɗin wurin yana fitowa a amon gangunan Hellhammer, mai gangar ƙungiyar. Attila Csihar, mawaƙin da aka ɗauko daga Hangari, bai tsaya ga ihun da aka saba ba. Wani wuri ya yi kamar mai wa'azi, wani wuri kamar mai nishin ajali. Dubban makaɗa daga Turai har Kudancin Amurka sun kwaikwayi wannan salo, kuma mai musun tasirinsa bai saurara ba ne.

Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Bayan Vikernes ya daɓa wa Euronymous wuƙa har sau 23 a ginin da yake zaune a Oslo, daren 10 ga Agustan 1993, iyayen mamacin sun roƙi abu guda: a cire kiɗan wanda ya kashe musu ɗa daga faifan. Hellhammer ya ce zai sake naɗar wurin da kansa. Bai yi ba. Daga baya ma ya nuna cewa a ganinsa ya dace mai kisa da wanda aka kashe su haɗu a faifai ɗaya. Iyaye ne da suka binne ɗa mai shekara 25. Ba kuɗi suka nema ba, ba su ce a hana faifan fitowa ba. An ce musu to, aka juya baya aka yi abin da aka ga dama.

Masu kare wannan mataki suna da hujja, kuma ba zan raina ta ba. Suna cewa an gama naɗar kiɗan tun kafin kisan, Euronymous ya shafe shekaru yana gina shi, taɓa shi kuwa ɓata aikin mamacin ne. Na ji. To me ya hana a dubi idon iyayen a faɗa musu haka? Ƙin biyan buƙatar mutum daban, yi masa ƙarya yana cikin zaman makoki daban.

Kuma wannan hali ba ranar ya fara ba. Mawaƙin ƙungiyar na baya, Per Ohlin ɗan Suwidin, wanda ake kira Dead, shi ya rubuta yawancin baitocin faifan. Yaro ne da kowa ya ga alamun ciwon damuwa a tare da shi, yana yanka jikinsa a kan dandamali, 'yan kallo suna tafi. A watan Afrilun 1991 ya hallaka kansa yana da shekara 22. Euronymous ne ya tarar da gawar, kuma kafin ya kira 'yan sanda sai da ya ɗauke ta hoto. Ɗaya daga hotunan ya ƙare a bangon wani faifan bayan fage, wato wanda aka buga ba da izini ba. Ɗaukar gawar hoto da Euronymous ya yi ne ya sa Necrobutcher, wanda aka kafa ƙungiyar da shi a 1984, ya tattara nasa ya fice. Wato abin da Euronymous ya yi wa iyayen Dead, shi aka yi wa nasa iyayen bayan shekara uku: an mai da gawar ɗansu tallar haja.

Shi ya sa maganar nan ta "a raba kiɗa da mai kiɗa" ba ta shiga kunnena a nan. Su da kansu suka ɗinke su. Cocin Fantoft da ke kusa da Bergen, ginin katako ne tun wajen shekarar 1150, ya ƙone ƙurmus a ranar 6 ga Yunin 1992. Kotu ba ta kama Vikernes da laifin wannan ba, ta kama shi da na ƙona coci-cocin Holmenkollen da Skjold da Åsane, amma hoton tokar Fantoft ya ɗora a bangon wani faifansa na Burzum, sunan da yake fitar da kiɗansa da shi. Shi kuwa faifan Mayhem, babban cocin Nidaros na Trondheim ne a fuskarsa. Mai saye ya san abin da ake nuna masa. Kuma Vikernes bai fito kurkuku a 2009 da nadama ba. A 2014 kotun Faransa ta same shi da laifin hura wutar ƙiyayyar launin fata.

Ba kira nake a haramta faifan ba. Haramci sai dai ya ƙara masa kwarjini a idon yaran da wannan labari ya fi ruɗa. Da masu ba da labarin nake. Norway ta rungumi kiɗan da ta taɓa jin kunyarsa, har Mayhem ta ci lambar Spellemann, babbar kyautar kiɗa ta ƙasar, da faifanta na 2007. Ba laifi ba ne ƙasa ta yi alfahari da fasahar 'ya'yanta. Amma duk lokacin da aka sake buga faifan, ko aka yi fim, ko mujalla ta sa shi a jerin gwanaye, sai a lissafa wuƙa da wuta da hoton gawa cikin zumuɗi, roƙon iyayen kuma ya zama layi ɗaya a gefe, in ma an tuna da shi. Ni a ganina nan ne tsakiyar labarin.

Shagon faifai da Euronymous ya buɗe a Oslo a 1991, Helvete sunansa, wato Jahannama. Shekaru da dama bayan mutuwarsa baƙi daga ƙasashe masu nisa sun ci gaba da zuwa titin Schweigaards, su sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa, su tsaya gaban bangon da aka rubuta sunan kiɗan da baƙin fenti, su ɗauki hoto. Iyalan Aarseth da na Ohlin kuwa kaburbura suke ziyarta.