Wa Zai Hau Karagar Ƙarfe? Da Sun Tambayi Bakano

Ranar Alhamis ɗin da ta wuce na dawo gida raina a ɓace, kuma abin kunya, a kan sarautar ƙasar da babu ita a bayan ƙasa.

A nan Belfast, inda na shiga shekara ta shida, akwai wata ƙungiyar masu karatu da ke haɗuwa sau ɗaya a wata a saman ɗakin karatun unguwarmu. Ƙarfe huɗu na yamma duhu ya riga ya rufa, ga yayyafin nan nasu da ba ya ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa. Kowa ya shigo sai ya rataye jiƙaƙƙen kwat ɗinsa a bayan ƙofa, ya zuba shayi, ya ɗauki biskit ɗaya tak kamar akwai mai ƙirgawa. Mu goma sha ɗaya ne, yawanci 'yan fansho, ni kaɗai ne baƙar fata. Ba mai katse wani. Idan ba su yarda da maganarka ba, sai su ce "abin sha'awa ne", kuma sai da na shekara biyu kafin na gane cewa wannan ba yabo ba ne.

Mutanen garin nan suna jin labarin George R. R. Martin nasu ne, domin a nan aka ɗauki mafi yawan fim ɗin Game of Thrones da aka yi daga littattafansa. Har gobe motoci na kwasar baƙi zuwa Castle Ward da hanyar bishiyoyin nan ta Dark Hedges, kuma da wuya ka shiga tasi direban bai ce maka ƙaninsa ya taɓa tara gemu ya fito cikin mayaƙa ba. Littafi na farko ya fito a 1996, na biyar a 2011, na shida kuwa har yau ana zuba ido. Fim ɗin ya ƙare a watan Mayu na 2019 da ɗora Bran, yaron nan gurgu, a kan sarauta, kuma 'yan ƙungiyarmu ba su yafe ba. Shi ne aka ce a wannan zama kowa ya faɗi wanda yake ganin zai hau Karagar Ƙarfe, gadon sarautar ƙasar Westeros, a littattafan.

Wata dattijuwa ta baje wata doguwar takarda da ta zana salsalar gidan Targaryen, tsohon gidan sarautar ƙasar, da jan biro da shuɗi. Ita Jon Snow ta zaɓa: ɗan Yarima Rhaegar na gidan Targaryen ne a ɓoye, jinin sarauta ta uba, jinin Arewa ta uwa. Aka tuna mata cewa littafi na biyar ya bar shi kwance cikin ƙanƙara, mutanensa sun daddaɓa masa wuƙa, ta ce ai tashi zai yi. Wani ya ce Daenerys, mai dodanni uku masu aman wuta. Wani tsohon malamin makaranta ya ce Stannis, tunda 'ya'yan Sarauniya Cersei ba na mijinta Sarki Robert ba ne, doka ta ba ƙaninsa Stannis.

Da aka zo kaina na ce babu ko ɗaya cikin ukun. Na ce duk ɗan sarkin da gari ya gama naɗawa da baki, shi ne ba ya hawa. Sai malamin nan ya yi murmushi mai laushi, ya ce mai yiwuwa a Afirka haka ake yi, amma wannan labari a kan tarihin Ingila aka gina shi, kuma a nan jini da doka ake bi. Aka ɗan yi dariya. Na kurɓi shayina da ya huce, ban ce uffan ba. Amsar ba ta zo mini ba sai da na zauna a bas, ihu bayan hari.

Ga abin da ya kamata in ce masa. Su mutanen nan ba su taɓa kwana cikin zullumin wa za a naɗa ba. Ranar 8 ga Satumba 2022 Sarauniya Elizabeth ta rasu, kafin a sanar wa duniya Charles ya riga ya zama sarki. Sun san na bayansa, sun san na bayan na bayansa, har jarirai suna da lamba a layi. Sarki ne kuma da ba ya naɗa ko mai unguwa da ra'ayin kansa. Wanda ya tashi a haka, dole ya karanta rikicin sarauta kamar darasin lissafi: a gano uban wane, a tara, a fitar da amsa.

Kuma tarihin Ingilan da yake tinƙaho da shi ma ni ya goya wa baya. Yaƙin gidan York da gidan Lancaster, wanda Martin ya ɗebo da yawa daga cikinsa, wa ya ci ribarsa? Henry Tudor, mutumin da alaƙarsa da gadon ta wajen uwa ce, siririya kamar zare, wanda ya yi shekara goma sha huɗu yana gudun hijira a hayin teku. Manyan masu haƙƙi suka cinye junansu, shi ya zo a 1485 ya ɗauki abin da ya rage a filin Bosworth.

Mu kuwa ba sai an yi mana bayani ba. Sarkin Kano Bello ya rasu a 1893, zukatan jama'a na wajen Yusufu, Sakkwato ta ce Tukur. Aka yi Basasa. Yusufu ya rasu a Garko bai shiga Gidan Rumfa ba, Tukur ya ƙare a Tafashiya, Alu ya hau. Ku tuna watan Yuni na 2014, sunan da matasa ke kira a titi da sunan da aka sanar. Ku tuna Zariya a 2020. Wane Bakano ne zai ga Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta sun shige ɗaki, ga kuma gwamna yana jira da biro, sannan ya ce ai takardar salsala ta gama magana?

Abin da ya fi ba ni haushi, marubucin da kansa ya saka masu zaɓen sarki a cikin duniyar tasa, su ne ba su kula ba. A shekara ta 233 ta lissafin Westeros babbar majalisar hakimai ta zauna, ta tsallake waɗanda suka fi kusa da gado, ta yi wa Aemon tayi ya ƙi, sannan ta naɗa Aegon na biyar, ɗa na huɗu na ɗa na huɗu. Mutumin da ya rubuta wannan, ya kuma taɓa tambayar yadda Aragorn, sarkin labarin The Lord of the Rings, ya tsara harajinsa bayan ya hau mulki, ba zai rufe labarinsa da ɓoyayyen ɗan sarki ya dawo ana guɗa ba.

Hasashena ke nan. Yaron nan da ake ce wa Griff Ƙarami, wanda fim ya cire gaba ɗaya, mai cewa shi ne Aegon ɗan Rhaegar, shi zai fara shiga babban birni, talakawa su yi masa lale domin sun gaji da Cersei. Daenerys ta iso a makare ta tarar da wani zaune a kujerar da take ganin tata ce, su hallaka juna. Jon, ko ya tashi, ba irin mutumin da hakimai ke so ba ne, ya cika gaskiya, ga mayaƙa a bayansa. Waɗanda suka tsira za su zauna su nemi wanda ba sa tsoro. Yaro ne, gurgu ne, ba a sa ran zai haihu, saboda haka kowane gida zai koma yana lissafin cewa gobe nasa ne. Bran ɗin dai da suke ƙi. Mulkin gaske kuma yana hannun duk wanda ya zama wazirinsa, kuma a kan wannan ya kamata a yi musun.

Kada a ce na ƙi faɗin gaskiya: tsarinsu ya hutar da su. Ba a ƙona taya, ba a sa dokar hana fita, ba a kwana a kotu. Mu tun watan Mayu na 2024 muke da mutum biyu kowa ana busa masa kakaki, ɗaya a Gidan Rumfa ɗaya a Nasarawa, abin da kakanninmu suka ce ba a yi a gari ɗaya. Na sani. Ba sai Bature ya tuna mini ba. Amma abin da ake faɗa a kansa, ai da ransa. Ban taɓa ganin wani a nan ya ƙi cin tuwon dare saboda an naɗa wanda ba nasa ba. Ni na ga mahaifina ya yi.

Shi ne ya ɗora ni a wuya a Ƙofar Kudu ina ɗan shekara shida, don in hango Ado a ƙarƙashin laima, ƙura da ƙarar 'yan bindiga da warin dawaki duk sun cika mini hanci. Na tara kuɗin jirgi don in kai yarana su ga Hawan Daushe da idonsu, sai 'yan sanda suka hana hawan saboda wannan rikici. Muka zauna a nan, muka yi Sallah a wani zauren wasanni da aka shimfiɗa wa leda.

Daren Alhamis ɗin, babbar 'yata ta ga fuskata ta ce, "Baba, lafiya?" Na ba ta labari. Yarinyar nan tana iya jero matan Henry na takwas su shida, da yadda kowace ta ƙare, a makaranta aka koya musu. Na ce ta zauna. Na fara ƙirga mata da yatsu: Dabo, Usman, Maje Karofi, Bello, Tukur, Alu, Abbas, Usman, Abdullahi Bayero, Sanusi, Inuwa, Ado. Tana maimaitawa da harshenta da ya fara karkacewa, tana ce wa Maje Karofi wani abu daban. Da muka kai ƙarshe ta ce, "To yanzu fa, wane ne?"

Na ce ta tashi ta ɗora mini ruwan shayi.